JIJIYOYIN ƘAFA MASU KUMBURA GA SAMARI DA ƳAN MATA: A BAR KAI SU GA WANZAMI

Yarinya ce ƴar shekara 15. Ta wuni bisa turmi, ta je rijiya sau uku. Da marece ta zauna wanke ƙafa, sai uwarta ta ga wata jijiya ta taso mata bayan gwiwa, ta murɗe kamar igiya. Kaka ta ce ta taka wani abu ne bisa hanya. Maƙwabciya ta ce mugun jini ne ya taru, gobe a kira wanzami ya sa ƙaho ya fidda shi.

Daga nan ne ƙaramin ciwo yake zama babba.

Abin da ke faruwa cikin ƙafa

Zuciya ce ke tura jini zuwa ƙafafu. Saukarsa ba wuya. Komawarsa sama ita ce aiki, kamar jawo guga daga rijiya mai zurfi. Cikin jijiyoyin da ke mai da jini akwai ƴan ƙananan ƙofofi. Suna buɗewa idan jini zai hau, su rufe don kada ya komo ƙasa. Naman sharaɓa kuma yana taimako: duk takun da mutum ya yi, naman yana matse jijiya, jini ya hau.

Idan ƙofofin suka yi sanyi, ba su rufewa da kyau. Jini ya komo ya taru. Jijiya ta buɗe, ta yi tsawo, ta lanƙwashe, har a gan ta bisa fata. Jinin da ke ciki ba mugu ba ne. Jinin jiki ne mai kyau, hanya ce ta ɓace masa.

Mutane sun ɗauka ciwon tsofaffi ne da matan da suka yi haihuwa da yawa. Gaskiya su ya fi kamawa. Amma yana iya somawa tun lokacin balaga. A garin Bokum na ƙasar Jamus, likitoci sun bi ƴan makaranta shekara da shekaru suna duba ƙafafunsu. Suna ƴan shekara 10 zuwa 12, ba a ga kumburin ba. Da suka kai 14 zuwa 16, ya fara bayyana ga kaɗan daga cikinsu. Kusan shekara 20, adadin ya ƙaru.

Babban dalili shi ne gado. Wani bincike da aka yi a Faransa a 1994 ya nuna idan uwa da uba duka suna da shi, ƴaƴa 9 cikin 10 za su same shi. Doguwar tsayuwa wuri ɗaya tana ƙara shi: daka, tsaron injin niƙa, tsayuwa bayan tebur a kasuwa tun safe har la'asar. Ciki ma yana tayar da shi, don jini yana ƙaruwa, kuma nauyin ɗa yana danne manyan jijiyoyi. Shi ya sa ake ganinsa ga yarinyar da ta ɗauki ciki tana ƙarama. Sau da yawa yana raguwa wata uku bayan haihuwa.

Tsofaffi da suka sha fama da kurkunu sukan tsorata idan sun ga abu kamar zare ƙarƙashin fata. Suna da dalili. Amma ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Ga kuma hanyar ganewa mai sauƙi: a kwantar da yaro, a ɗaga ƙafarsa sama. Idan jijiya ce, za ta saɓe ta kwanta. Ya miƙe tsaye, ta sake cika.

Don me ba a tsaga ta?

Wanzami ya san aikinsa, amma wannan ba nasa ba ne. Jijiyar da ta kumbura cike take da jini mai nauyi, fatar da ke kanta kuma ba ta da kauri. Aska na taɓa ta, jini zai yi ta zuba, ba ya tsayawa da sauƙi. Ko ya tsaya, wurin ba ya warkewa da wuri, don jini ba ya gudu sosai a nan. Tsaga ƴar ƙarama kusa da idon sawu takan zama gyambo na wata da watanni. Saurayin da ake jira gona da damina, ga shi zaune gindin bishiya yana korar ƙuda. Bayan duk wannan wahala, kumburin yana nan, don ƙofofin ba su gyaru ba.

Idan jijiya ta fashe, da aska ko da ƙaya ko da kututture, a kwantar da yaron nan take. A ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinsa tsawo. A danne wurin da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, minti 10 ba ɗagawa. Kada a ɗaure cinya da igiya. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, don ta nan ne ciwon sandarewar jiki yake shiga. Sannan a kai shi likita.

Abin da ke sauƙaƙa shi bai cin ko dala. Tafiya tana da amfani, makiyayi mai bin garke ya fi mai tsayuwa wuri ɗaya. Mai daka ta riƙa ɗaga dugadugai tana saukewa, ta huta tsakanin turmi da turmi, a kama mata aiki. Da rana da kuma dare, a kwanta bisa tabarma a jingina ƙafafu ga bango kamar minti 15. Akwai safa mai matsewa da likita ke rubutawa. Da safe ake sa ta, tun ƙafa ba ta cika ba. Duk wannan yana rage nauyi da zogi, amma ba ya ɓatar da jijiyar.

Wanda za a kai likita ba jira

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, tana ciwo, mai yiwuwa jini ne ya daskare cikin jijiya ta can ciki. Idan numfashi ya fara wuya, rai ne ke cikin hatsari. A tafi ran nan, ko da amalanke ne.

A kai yaron da aka haifa da babban tabo ga ƙafa, ko wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya girma. A kai mai miki kusa da idon sawu wanda ya yi sati biyu bai rufe ba. Ga matashi, irin wannan miki yakan zo daga ciwon sikila, sai an auna jini a sani.

Samari suna da nasu wanda kunya ke sa su ɓoyewa. Jijiyoyin maraina ma suna kumbura lokacin balaga, galibi ta hagu. Ga wasu yana rage ƙarfin haihuwa. Uba ko kawu ya tambayi yaro a asirce, ya raka shi.

Anfirmiye na ƙauye zai duba, idan ya ga dalili ya ba da takarda zuwa babban asibiti, Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Can akwai na'urar da ke nuna gudun jini, irin wadda ake duba masu ciki da ita. Jijiyar da ta lalace sosai ana iya cire ta da aiki. Ƙafa ba ta rasa jini don haka, saboda manyan jijiyoyi na cikin nama su ne ke ɗauke da mafi yawansa.