Dutsen Shunayya Da Ake Yin Batir Da Shi

Duk wanda ya shiga kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa zai ga wayoyin hannu da fitilu masu caji birjik. Ƙarfinsu yana cikin batir, ran batir ɗin kuwa wani ƙarfe ne marar nauyi da ake kira litiyam, wanda wani masani a ƙasar Suwidin ya gano a 1817. Ɗaya daga cikin duwatsun da ake fid da shi sunansa lefidolait. Ya kamata mu san shi, gama labarinsa ya fara ruɗin samari.

Ga kamanninsa. Launinsa shunayya ne ko ruwan hoda, yana da ƙyalli, yana kuma ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Ba shi da tauri, ko da wuƙa ana iya kankare shi. Sunan nan daga Girkanci yake, watau ɓamɓaroki irin na jikin kifi. A cikinsa ne masana biyu na Jamus suka gano wani ƙarfe, rubidiyam, a 1861.

Ba a tsintarsa cikin rairayi irin na gonakinmu. Mazauninsa jijiyoyin dutse ne masu manyan ƙwayoyi, inda narkakken dutse ya huce sannu a hankali tun zamanin da, sau da yawa tare da kuza. Akwai shi a Ijero ta Jihar Ekiti, ana kuma haƙar duwatsun litiyam a Nasarawa, inda aka buɗe masana'antar sarrafa su a 2024.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙar. A ramukan Nasarawa an iske yara ƙanana suna tsince dutsen maimakon zuwa makaranta. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma ta wurin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Dokar ma'adinai ta 2007 kuwa ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ba a haƙa sai da lasisi.

Saboda haka muna roƙon iyaye da hakimai da dagatai, kada su bar yaro ya ajiye littafi ya bi rami. Wanda ya san awon dutse shi ke yanka masa kuɗi, mai diga kuwa sai abin da aka miƙa masa. Allah Ya sa mu gane, amin.