Hayar kwana a Garwa da Rumsiki: shin dokar Barsalona za ta yi mana?

A watan Janairun 2022 Garwa ta karɓi baƙin da ta daɗe ba ta ga irinsu ba. A filin Rumde Ajiya Najeriya ta buga wasanninta na gasar cin kofin Afirka, tun daga ranar 11 da Iheanacho ya ci Masar har ranar 23 da Tunisiya ta sallame ta, mutanen Yola da Mubi kuwa suka yi ta tsallako iyaka. Duk mai gida da ya ga wannan cincirindo ya iya lissafi: ɗakin da aka sa wa gado da na'urar sanyaya iska, ana biyansa kwana-kwana, ya fi wanda ɗan haya ke biya ƙarshen wata yana roƙon a yi masa haƙuri. Gasa ta wuce, amma gidajen hayar kwana suna nan, kamar yadda suke a Yawunde da Duwala.

A Turai da Amurka wannan sana'a ta zama abin faɗa. Tun Satumban 2023 birnin New York ya hana ba da gida haya na ƙasa da kwana 30 sai mai shi ya yi rajista kuma yana zaune a ciki, dokar da ta karya kasuwar Airbnb a birnin. A Yunin 2024 magajin garin Barsalona, Jaume Collboni, ya ce nan da ƙarshen 2028 za a soke lasisin gidajen hayar kwana wajen 10,000. Ƙananan garuruwa ma sun shiga: Saint-Malo, a gaɓar tekun Faransa, ta ƙayyade wa kowace unguwa adadin gidajen da za a iya ba 'yan yawon buɗe ido. Kukansu ɗaya ne, baƙi sun yi yawa har ɗan gari ya rasa inda zai zauna.

To, a je Rumsiki a nemi wannan kukan. Ƙauyen yana kudu da Mokolo cikin duwatsun Mandara, dab da iyakar Najeriya, mutanensa Kafsiki 'yan uwan Higi na Michika ne. Shekaru da dama Turawa na zuwa kallon tsaunukansa masu tsini da bokan nan mai duba da ƙaguwa, matasa na cin abinci da yi musu jagora, mata na sayar da saƙa da tukwane. Sai ga 19 ga Fabrairun 2013, ranar da Boko Haram ta sace iyalan wani Bafaranshe, Moulin-Fournier, su bakwai, kusa da Dabanga bayan sun ziyarci gandun dajin Waza. An sako su bayan wata biyu, amma ofisoshin jakadancin Turai sun riga sun gargaɗi mutanensu da su ƙaurace wa yankin. Wanda zai kawo wa Rumsiki dokar rage baƙi yau, ya kai wa mai jin yunwa maganin ƙiba. Ba na tsammanin akwai gida guda a can da zai ƙi baƙo ya kwana, ya biya, ya sayi abin tsaraba.

Garwa ce ke buƙatar tunani, domin baƙinta ba na kallon dutse ba ne kawai. Akwai masu wucewa zuwa gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida lokacin rani, akwai ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da masu hulɗa da kamfanin auduga na Sodecoton, da 'yan biki. A gefe guda, a watan gasar ne aka sa hannu kan dokar kafa Jami'ar Garwa, ɗalibai da malamai kuwa ɗakin shekara suke nema. Kowane gida da ya koma hayar kwana ya fita daga hannunsu. Masu otal su ma suna da hujja: dokar ƙasa ta 18 ga Afrilun 2016 ta wajabta neman izini kafin a buɗe masauki, kuma tun 2017 ana karɓar harajin kwana a kan kowane baƙo. Mai otal yana biya, jami'ai na leƙa littafinsa. Mai gidan da ke samun baƙi ta WhatsApp fa, wa ya san da shi?

Mu dai Hausawa ba yau muka fara saukar baƙo don kuɗi ba. Duk inda fatake suka yada zango, daga Salaga zuwa Ngaundare, akwai mai masauki. Shi ke ba falke ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya ci la'adarsa idan ciniki ya faɗa. Masani Abner Cohen ya yi bayanin tsarin dalla-dalla a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan. Abin lura shi ne mai masauki yana tsaya wa baƙonsa. In baƙo ya ci bashi ko ya yi ɓarna, ƙofar mai gida za a buga, sarkin zango kuma ya san wanda ya sauka a gidan wa. Hayar kwana ta zamani ta ɗauki kuɗin ta bar wannan nauyin: a turo kuɗi ta waya, mai gadi ya miƙa mabuɗi, shi ke nan. A garin da ke kusa da iyaka, mai fama da masu garkuwa a dazukan Tuboro da Mayo Rey, wannan ba ƙaramin sakaci ba ne.

Don haka abin da zan so hukumar birni ta fara da shi ƙidaya ce. A san gidajen nawa ne, a wace unguwa, na wane ne. Kowanne ya riƙe littafin baƙi da lambar katin shaida, mai unguwa ya san da shi, ya biya harajin kwana kamar otal. Dattijuwar da ta ba da ɗaki ɗaya a cikin gidanta a sassauta mata, ba daidai take da attajirin da ya sayi bene uku don wannan sana'a ba. Idan ƙidayar ta nuna haya ta gagari ɗalibai a Yelwa ko Pumpumre saboda gidajen kwana, sai a sa wa unguwar iyaka irin ta Saint-Malo, a ƙyale sauran.