Hawan Dutsen Kufena da Damina

Dutsen Kufena yana yamma da birnin Zariya, dab da Wusasa. Masu tarihi sun ce a zamanin Bakwa Turunku, wajen shekara ta 1536, aka taso da sarautar Zazzau daga Turunku zuwa gindinsa. Dalilin zaɓensa kuwa a fili yake: mai gadi a bisa ƙololuwa yana hango ƙurar mahara tun suna nesa, ganuwa kuma ta kewaye gonaki, don ko an yi wa gari zobe kada yunwa ta ci shi. Har yanzu ana ganin ɓurɓushin ganuwar nan, ko da yake ruwa da garma sun cinye mafi yawanta.

Mutanen Samaru da na Sabon Gari, musamman 'yan makaranta, sun fi sha'awar hawansa da damina, sa'ad da ƙasa ta yi kore shar. To, amma a lokacin ne ya fi haɗari. Ruwan da ke sauka a Zariya yakan kai inci 40 a shekara, galibinsa tsakanin watan Mayu da Satumba, Agusta kuwa shi ne gangariya. Da zarar falalen dutse ya jiƙe, gansakuka takan mai da shi kamar an shafa sabulu, saukowa kuma ta fi hawa wuya.

Saboda haka ya kamata mai niyya ya yi sammako, ya kuwa sauko kafin azahar, domin hadari ya fi haɗowa da yamma. In ya ga gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta taso, kada ya tsaya jiran yayyafi, gama tsawa ta fi faɗa wa wuri mai tudu. Kada ya fake a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai. Wanda ya fito daga Sabon Gari ya bi ta gada, ya bar ratse, don Kubanni takan kawo ruwa ba zato, ko da ba a yi ɗigo a inda mutum yake ba.

Ciyawa ma abin lura ce. Takan rufe ramummuka, kasa da kububuwa kuma suna kwanciya a cikinta, sai a riƙe sanda, a sa takalmi mai rufe ƙafa. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. Gonakin gindin dutsen suna da masu su. A bi turba, a gai da manoma, su za su nuna inda tsohuwar ganuwa ta bi.