Daga ramin zinariya zuwa zaure: shiga gida tun ba a aza tubali ba

Tun shekarar 2014 da aka gano zinariya a Cibarakaten, can arewacin jahar Agadas kusa da iyakar Aljeriya, dubban mutane suka kwarara zuwa wannan hamada inda ko ruwan sha sai mota ta kawo. Wanda Allah ya ba sa'a, abin da yakan fara zo masa a rai shi ne gida, a Agadas, ko Arlit, ko Tawa, ko Maraɗi. Sai dai mai kuɗin yana bakin rami, ginin kuwa yana can nesa. Yakan aika da kuɗi, a aiko masa da zane a takarda, layuka da lambobi waɗanda ba kowa ke gane su ba. Ranar da ya sauko, sai ya tarar zaure ya yi ƙunci, ko ƙofar waje tana kallon tsakar gida, ga shi siminti ya riga ya bushe.

Masu zanen gini sun samo maganin wannan. Sukan tayar da gidan dukansa cikin kwamfuta, da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, sannan su fitar da samfurin su aika wa mai shi. Akwai SketchUp, wadda ta fito a shekarar 2000. Akwai kuma BIMx ta kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari, wadda aka yi musamman domin mai gida ya zagaya gininsa a salula. Da ɗan yatsa yake shiga zaure, ya ratsa tsakar gida, ya leƙa turaka, ya hau soro. A hoto, mai zane ne ke zaɓa maka inda za ka duba. A nan kuwa kai ne ke zaɓa. Gani ya kori ji.

Amma a yi hattara, gidan kwamfuta ba ya zafi. Bangon bulo da rufin kwano da manyan tagogin gilashi suna da kyau a ido, cikin watan Mayu kuwa tanda ne. Magabata sun san haka. Tsohon garin Agadas, wanda Unesco ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, da laka aka gina shi, har da hasumiyar masallacinsa mai mita 27. Kuma laka ba ta tsufa ba: a Dandaji, cikin jahar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da tubalin ƙasa na matsi a 2018, suka mayar da tsohon, aikin Falke Barmu na Yama, ɗakin karatu.

Saboda haka ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da aka aiko wa samfuri, ya nemi abu uku. A nuna masa inda inuwa ke faɗuwa da azahar, domin na'urar tana iya lissafa tafiyar rana. A nuna masa gidan iri biyu, na ƙasa da na siminti, kowanne da kuɗinsa. Sannan ya tabbata awon da ke cikin samfurin shi ne ke kan takardar da magini zai riƙe.

Matsar da bango a kwamfuta aikin ƴan mintoci ne. Matsar da shi a fili kuwa, sai an sake komawa rami.