GAYYAR LIKITOCIN INGILA A KAN CIWON SUKARI

Sau da yawa mukan ga malami ko akawu ciwon sukari ya kama shi, ya sha magani kwana kaɗan, da ya ji dama-dama sai ya watsar. Bayan shekaru sai ido ya dushe, ƙoda ta gaza. To, ashe su kansu likitoci sun daɗe suna gardama ko rage sukarin jini yana tsare mutum daga wannan wahala. Ba asibitin da ke da majinyata isassu da zai raba gardamar shi kaɗai.

Cikin 1977 Robert Turner, wani shaihun malamin likitanci na Jami'ar Oksfod, ya kira gayya. Asibitoci 23 na Ingila da Sikotilan da Ailan ta Arewa suka amsa. Daga 1977 zuwa 1991 suka rubuta sunayen mutum 5,102 waɗanda aka gano ciwon a jikinsu ba da daɗewa ba, watau irin wanda ya fi kama manya. Aka raba mafi yawansu ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi wanda ransa ya so. Waɗansu aka fara su da kiyaye abinci kawai, waɗansu kuwa aka tsananta musu da ƙwaya ko allurar insulin. Kowane asibiti ya bi ƙa'ida ɗaya, yana aika da lissafinsa Oksfod, har 1997.

Cikin 1998 aka bayyana abin da aka samu. Ga waɗanda aka tsananta wa, lalacewar ƙananan jijiyoyin jini, wadda ke ɓata ido da ƙoda, ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Masu ƙiba da aka ba ƙwayar metformin, wadda a ke bayarwa har a asibitocinmu, bugun zuciya ya ragu gare su da kashi 39. Sa'an nan masu hawan jini da aka saukar musu da shi sosai, shanyewar jiki ta ragu gare su da kashi 44.

Turner ya rasu cikin 1999, amma abokan aikinsa ba su saki majinyatan ba. Cikin 2008 suka ba da labari cewa waɗanda aka kula da su tun farko suna cin moriyar wannan kula har bayan shekara goma.

Abin da za mu ɗauka a nan shi ne, shekarun farko su ne masu daraja, gama ciwon yana ɓarna tun mutum bai ji kome ba. Wanda ya ga ƙishirwa ta dame shi, fitsari ya yi yawa, yana ramewa ba dalili, ya tafi a auna jininsa. Wanda aka ba magani kuwa, kada jin sauƙi ya ruɗe shi ya bari.

Allah ya ba mu lafiya, amin.