Katin Sauti da Lasifikar Kunne: Saiti Kafin Saye

1.0 Gabatarwa

A wannan zamani kwamfuta ta zama wurin ajiyar murya, kamar yadda ta zama wurin ajiyar rubutu. Ɗalibin da ke rubuta waƙoƙin Narambaɗa ko na Shata daga tsohon kaset da aka juye, da ma'aikacin da ke fitar da rahoton taro daga muryoyin da aka naɗa, dukansu sukan shafe sa'o'i da lasifikar kunne, wato abin da jama'a ke kira hedifon ko iyafis. Aikin irin waɗannan mutane yana bukatar ji mai tsabta, domin kuwa Hausa harshe ne da karin sauti da tsawon wasali ke bambanta ma'ana a cikinsa. Fara ta launi, da fara ta ƙwaro, da fara ta soma aiki, rubutunsu ɗaya ne, kunne ne kawai ke raba su. Haka kuma bara na bauta da bara ta roƙo, kaɗawar harshe wajen furta "r" ita ce iyakar tazarar da ke tsakaninsu. Idan sauti ya dusashe, ma'ana ce ta salwanta.

Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa yawancin gunagunin da ake yi game da sautin kwamfuta ana iya magance shi ta hanyar saiti da kuma daidaita katin sauti da lasifikar da aka jona masa, kuma bai kamata a kashe kuɗi kan sabon kati ba sai an gano ainihin inda cutar take.

2.0 Asalin Katin Sauti da Aikinsa

Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a shekarar 1981 ba ta da abin fitar da sauti sai wata 'yar lasifika mai tsuwa. A 1987 kamfanin AdLib na ƙasar Kanada ya fito da katin da ake sokawa cikin kwamfuta domin kiɗa, sa'an nan a 1989 kamfanin Creative na Singafo ya biyo baya da Sound Blaster, wanda ya mamaye kasuwa shekaru da dama. Daga baya kamfanin Intel ya shimfiɗa ƙa'idar AC'97 a 1997, da ta High Definition Audio a 2004, har ya zamana an dasa aikin katin a jikin babban allon kwamfuta. Saboda haka, abin da ake kira katin sauti a yawancin kwamfutoci yanzu ɗan ƙaramin guntu ne da ya zo tare da na'urar tun daga masana'anta.

Ayyuka biyu katin yake yi wa mai saurare. Na farko, yana juya lambobi su koma igiyar lantarki mai hawa da sauka, kuma ɓangaren da ke wannan aiki shi ake taƙaita sunansa da DAC. Na biyu, yana ƙara wa igiyar ƙarfi domin ta iya motsa lasifika, wanda shi ne aikin amfilifaya. Wajibi ne a riƙe wannan rabo, domin sau da yawa akan ɗora wa na farkon laifin da na biyun ya aikata.

3.0 Lambobin da Ke Ruɗar Mai Saye

Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa kimanin 20,000 a sakan guda, kuma wannan iyaka ta sama tana raguwa da shekaru. Binciken Nyquist na 1928 da na Shannon na 1949 sun tabbatar da cewa ana iya maido da sauti daidai muddin an auna shi fiye da ninki biyu na girgizarsa mafi yawa. Wannan ne ya sa faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, ya tsaya kan awo 44,100 a sakan, adadin da ya ishi sauti har zuwa girgiza 22,050. Kowane awo kuma ana ajiye shi da bit 16, wanda ke ba da tazarar kimanin desibel 96 tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi.

Ke nan katin da aka rubuta wa awo 192,000 a jikin kwalinsa ba lallai ne ya fi daɗin ji ba. Manyan lambobin suna da amfani ga mai naɗar sauti da mai gyara shi, amma ga mai saurare kawai, abin da suka ƙara ya wuce inda kunne ke kaiwa. Bugu da ƙari, babu katin da zai maido da abin da tun farko ba a naɗa ba. Kaset ɗin da ya sha zafi da ƙura, ko fayil ɗin MP3 da aka matse ƙwarai, haka za su fito ko da an sayi kati mafi tsada.

4.0 Matakan Saiti

Mataki na farko shi ne duba kafar da aka soka lasifikar. Bisa al'ada, koriyar kafa ita ce ta fitar da sauti, mai ruwan hoda ta makirufo, shuɗiya kuma ta shigar da sauti daga wata na'ura. A kwamfutar tebur, kafar gaba tana samun sauti ne ta wata siririyar waya da ta ratsa cikin akwatin, kuma wannan waya takan kwaso hayaniyar sauran kayan ciki. Duk wanda ya ji tsuwa idan ya motsa linzamin kwamfuta, to ya gwada kafar baya kafin komai.

Na biyu, a sanya manhajar direba ta kamfanin da ya ƙera katin, a kuma shaida wa kwamfuta cewa lasifikar kunne ce aka jona, mai hanya biyu, dama da hagu. Idan aka bar ta a kan tsarin lasifikoki shida na kallon fim, wani ɓangare na muryar yana iya tafiya hanyar da babu ita.

Na uku, a kashe duk ƙawar da aka yi wa sautin, kamar ƙarin gangar ƙasa, da kwaikwayon babban zaure, da daidaita ƙarar sassa. Waɗannan suna burge kunne a minti na farko, amma suna binne baƙaƙe irin su "s" da "ts" da "ƙ", waɗanda mai rubuta magana ya fi bukata. Akwai kuma wani saiti a Windows da ke rage sauran sautuka da kashi 80 cikin ɗari idan ya zaci ana kiran waya, kuma yana da kyau a san da zamansa.

Na huɗu, a zaɓi bit 24 da awo 44,100 domin waƙa, ko 48,000 domin bidiyo. Tun daga Windows Vista na 2007, duk sautukan manhajoji suna haɗuwa ne a wuri guda, inda ake juya su zuwa awon da aka zaɓa. Mai son kauce wa wannan juyi yana iya ba manhajar saurarensa damar riƙe katin ita kaɗai ta hanyar WASAPI ko ASIO, sai dai a lokacin sauran manhajoji za su yi shiru.

5.0 Lokacin da Canji Ya Zama Dole

Kowace lasifika tana da turjiyar da take yi wa lantarki, wadda ake aunawa da om. Ƙananan lasifikokin waya sukan kasance tsakanin om 16 zuwa 32, alhali kuwa na ɗakunan naɗar sauti suna kaiwa 250 ko 300 ko ma 600. Alal misali, Sennheiser HD 600 om 300 ne. Kafin lasifika mai om 300 ta sami ƙarfi daidai da mai om 32, tana bukatar turin lantarki kusan ninki uku. Idan katin ya gaza ba da wannan, sautin yakan fito a raunane ko da an ƙure makunnin ƙara, kuma maganin a nan amfilifaya ce.

Akwai kuma turjiyar kafar katin kanta. Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar lasifika. Wato lasifika mai om 32 tana son kafar da ba ta wuce om 4 ba, in ba haka ba sai kamannin sautin ya jirkice.

Dalili na uku shi ne gurnani. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a sakan, kuma inda babu ingantacciyar wayar ƙasa, wannan gurnani yakan kutsa cikin sauti. Gwajinsa mai sauƙi ne: a cire caja daga kwamfutar cinya, idan gurnanin ya ɗauke, to matsalar ta wuta ce, katin ba shi da laifi.

Idan an tabbatar da bukatar canji, hanyoyi biyu ne. Ana iya soka sabon kati a ramin PCIe na kwamfutar tebur, bayan an kashe ta, an zare wayar wuta, an kuma taɓa ƙarfen akwatin domin sauke lantarkin jiki, wanda ke yawaita lokacin hunturu. Ya fi kyau a nisanta shi daga katin hoto. Hanya ta biyu ita ce na'urar waje da ake jonawa ta USB, wadda ta fita daga hayaniyar cikin akwati, kuma ita ce zaɓin mai kwamfutar cinya. Mai lasifikar Bluetooth kuwa ya sani cewa katin kwamfutarsa ba ya cikin lissafi, domin lasifikar tana ɗauke da nata DAC da amfilifaya.

6.0 Kammalawa

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci shi ne kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna fuskantar haɗarin raunin ji saboda saurare da ƙara mai yawa, ta kuma sa iyakar desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako ga baligi. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, ta yadda a desibel 89 sa'o'i 5 ne kacal suka rage. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Amfilifaya mai ƙarfi tana iya ƙetare wannan iyaka cikin sauƙi, musamman ga wanda ke ƙara murya domin ya danne rugugin janareto. Ga irin wannan mutum, lasifika mai rufaffen baya da ke tare hayaniyar waje ta fi masa sabon kati amfani.

Saboda haka tsarin da ya dace shi ne a fara da fayil, a duba kafa da saiti, a auna turjiyar lasifika da ƙarfin katin, sa'an nan a nufi kasuwa idan har akwai sauran dalili. Wanda ya juya wannan tsari ya soma da saye, gyaran gangar Auzinawa kawai zai yi.