Dalilan da Suka Jefa Rasha Cikin Yaƙin Duniya na Farko

Duk wanda ya karanta tarihin Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya ɓarke a Turai cikin shekarar 1914 har ya iso Garwa da Mora a ƙasar Kamaru, ya san musabbabin da ake ambata, wato kisan da wani saurayi Basabiye, Gavrilo Princip, ya yi wa yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, a birnin Sarayebo ranar 28 ga Yuni. Amma mai hankali ba zai rasa tambaya ba: ina ruwan Rasha da jinin da ba ita ta zubar ba, a ƙasar da ba tata ba, har ta tattara miliyoyin talakawanta ta tura su fagen fama?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce zumunci, domin Rashawa da Sabiyawa jinsinsu ɗaya ne, na Silaf, mazhabarsu kuma ɗaya ce cikin addinin Nasara, ta Otodoks, sarakunan Rasha kuwa sun daɗe suna ɗaukar kansu majiɓinta al'amuran waɗannan al'ummu na yankin Balkan, har da wannan hujja suka yaƙi Daular Usmaniyya ta Turkawa a 1877. Wannan gaskiya ne, sai dai bai wadatar ba, tunda babu wata rubutacciyar mu'ahada da ta wajabta wa Rasha kare Sabiya.

A ganina abin da ya fi zumunci nauyi shi ne tsoron zubewar martaba. A 1905 Japan, wadda Turawa ba su ɗauke ta a bakin komai ba, ta karya rundunar Rasha a tudu, ta nutsar da jiragen yaƙinta a mashigin Tsushima, fitina kuma ta tashi a cikin gida har ta girgiza gadon Sarki Nikolas na Biyu. Tun raunin bai warke ba, sai Ostiriya ta haɗiye lardin Bosniya a 1908, da Rasha ta yi ƙorafi kuwa, Jamus, ƙawar Ostiriya, ta aiko mata a watan Maris na 1909 da magana mai kaushi, cewa ko ta amince ko ta ga abin da zai biyo baya. Ta amince bisa tilas, saboda sojanta bai farfaɗo ba. Haka kuma bayan yaƙin Balkan na 1912, da aka hana Sabiya samun tashar jiragen ruwa, Rasha ta sake ja da baya. Saboda haka da Ostiriya ta miƙa wa Sabiya sharuɗɗanta masu tsanani kan kisan yariman ranar 23 ga Yuli 1914, wazirin harkokin waje Sergei Sazonov da 'yan majalisar sarki sun riga sun ƙudurta cewa in aka sake sunkuyar da kai, to, ba sauran mai lissafa Rasha cikin manyan dauloli.

Akwai kuma maganar arziki, wadda sau da yawa ake tsallakewa alhali kuwa tana da girma. A wancan zamani, mafi yawan alkamar da Rasha ke sayarwa waje, wadda da kuɗinta take biyan bashi da sayen injuna, daga tashoshin Bahar Aswad irin su Odesa take fita, ba ta da hanyar isa Bahar Rum face ta mashigin Bosforus da na Dardanel, waɗanda ke hannun Sarkin Musulmi na Santambul. Wannan mashigi shi ne maƙogwaron Rasha, ta kuwa ɗanɗana shaƙa a 1912, lokacin da Turkawa suka rufe shi na 'yan makonni saboda yaƙinsu da Italiya, jiragen hatsi suka yi cirko-cirko, fatake suka tafka hasara. Muddin yana hannun daula mai rauni, Rasha na iya haƙuri. Amma da aka naɗa janar ɗin Jamus, Liman von Sanders, a ƙarshen 1913 ya shugabanci rundunar Turkawa da ke Santambul, sai hankalin mahukuntan Rasha ya tashi, suka ga Jamus na neman zama mai riƙe da mabuɗin.

Ƙawance ya ƙara mata ƙarfin gwiwa. Tun 1894 take da alkawarin taimakon juna da Faransa, wadda ta ba ta rance mai yawa don shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa zuwa iyakar Jamus, ta kuma sasanta da Ingila a 1907. Shugaban Faransa, Raymond Poincaré, yana ma baƙunci a birnin San Fitasbag daga 20 zuwa 23 ga Yuli 1914, inda ya jaddada alkawarin.

Ba a rasa masu nasiha ba. Tsohon wazirin cikin gida, Pyotr Durnovo, ya rubuta wa sarki a watan Fabrairu na 1914 cewa yaƙi da Jamus, in aka sha kashi, juyin juya hali zai haifar. Shi kansa Nikolas ya yi ta taraddadi bayan Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi kan Sabiya ranar 28 ga Yuli, yana musayar saƙon waya da ɗan'uwansa Kaisar Wilhelm na Jamus, har ya ba da umarnin tara dukkan soja ya janye. Amma hafsoshi suka nace cewa faɗin ƙasar da ƙarancin hanyoyinta ba za su yarda da jinkiri ba, ya sa hannu ranar 30 ga Yuli. Jamus, wadda shirinta na yaƙi ya dogara ga murƙushe Faransa kafin Rasha ta kimtsa, ta ƙaddamar da yaƙi kan Rasha ranar 1 ga Agusta.

A 1915 Ingila da Faransa suka yi wa Rasha alkawarin Santambul da mashiginta in an yi nasara, amma ba ta taɓa karɓarsu ba. Nikolas ya yi murabus a watan Maris na 1917, bayan shekara ɗaya kuma sabuwar gwamnatin Lenin ta sa hannu kan sulhun Brest-Litovsk, ta fita daga yaƙin tare da sallama Folan da Yukren da ƙasashen gaɓar tekun Baltik.